Magen Matamaye da Kyankyasan Gidanmu

Aikina allurar dabbobi ne. Na fi shekara goma ina yawo tsakanin rugage da kasuwannin ƙasar Daura, daga Zango zuwa Mai'aduwa, kuma ban taɓa ja da baya ga bijimi ba. Na riƙe ƙahon sa da hannu biyu, raƙumi ya taɓa feso mini abin da ke cikinsa a fuska, jaki ya harbe ni a cinya har na yi mako ina ɗingishi. Duk wannan bai hana ni komawa aiki ba. Amma kyankyaso, musamman jan nan mai fiffike wanda yake tashi sama alhali shi kansa bai san inda za shi ba, shi kam ba na iya zama ɗaki ɗaya da shi.

Na ɓoye wa matata wannan hali har wata huɗu bayan aurenmu. Ranar da asirina ya tonu ina wanka ne da hantsi, wani ya taso daga bakin rariya ya sauka a kafaɗata. Ban san yadda aka yi na tsinci kaina a tsakar gida ba, kumfa a ido, ɗaure da zaninta da na fizgo daga igiyar shanya. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta cire silifa ɗaya ta shiga bayin. Na ji tas, ta fito ta ci gaba da tsince shinkafa. Sai da na zauna cin abinci sannan ta waiwayo.

"Maigida," ta ce, "in ka gama sai in raka ka ka ɗauko sosonka."

A shekara ta biyu muka koma wani gida a bayan gari, mai ɗaki biyu da kicin da ɗan sito. Gidan ba shi da laifi sai da damina ta faɗi. Ruwan farko yana sauka sai ga su kamar an aika musu goron gayyata. Suna cikin kabad, suna ƙarƙashin randa, suna bayan buhun gero. In ka ɗaga murfin langa sai ka tarar wani ya riga ka. Na sayo fiya-fiya na yayyafa a lungu-lungu, matata ta kwana uku tana atishawa, ta ce in na sake kawo shi mu za mu riga kyankyasan tafiya. Na sayo allin nan da ake zana layi da shi, wai ba sa ƙetarewa. Na zane gefen katifa kaf, kamar mai shata fili. Da gari ya waye na tarar da ɗaya zaune a kan layin yana gyara gashin baki.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda fataucin shanu ne sana'arsa. Yakan ƙetara ta Kwangwalam ya shiga Nijar ya sayo, ya kawo kasuwar Mai'aduwa, kuma duk sanda ya biyo ta Daura a gidana yake cin abincin rana. Wata rana muna cin tuwo da shi, sai wani ƙaton kyankyaso ya fito daga ƙarƙashin tabarma ya bi ta tsakaninmu ba ko sallama. Ni dai na ga kaina a tsaye, loma a hannu.

Kawu ya ɗaga kai ya dube ni. "Likita, lafiya?"

"Ƙafata ce ta yi sanyi, Kawu."

Daga kicin matata ta ce, "Kawu, ƙafar nan tasa kullum sai ta yi sanyi in baƙin nan suka fito."

Kawu ya yi dariya har sai da ya ƙware, aka miƙa masa ruwa. Da ya huce ya ce maganin wannan abu ba a kanti yake ba, mage za a nemo. Kuma ba irin magen cikin gari ba, wadda ta saba da lasar tukunya. Ya san wata a Matamaye, can Nijar, a wani gidan burodi, wadda ta gama da ɓerayen gidan, ta gama da na maƙwabta, har sai da mai unguwa ya roƙa a bar wa sauran maguna abin taɓawa.

Bayan mako biyu ya dawo da kwali ɗaure a bayan babur, an huda masa ƙofofin shan iska. Da aka buɗe, abin da ya fito bai yi kama da labarin ba. 'Yar siririya ce, ruwan toka da fari a ƙirji, kunnenta ɗaya a tsage. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta yi hamma, ta wuce ta haye kan buhun gero ta kwanta.

"Gajiyar hanya ce," in ji Kawu. "Kada dai ku cika mata ciki. Yunwa ce ke sa farauta."

Ƙarar babur ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba matata ta ajiye mata kan kifi da madara a murfin kwano. Ta ce baƙo baƙo ne, ko mai ƙafa huɗu.

Makon farko barci kawai ta yi. Da idona na ga kyankyaso ya bi ta kan jelarta ya sauka ta ɗaya gefen, ita kuwa ko kunnen nan mai tsaga ba ta motsa ba. Matata ta ce Kawu ya kawo mana kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Har na fara tunanin wanda zan ba kyautarta.

A rana ta takwas, da la'asar sakaliya, ina zaune a ƙofar ɗaki ina wanke sirinji, sai na ga ta sauko daga kan buhu ta tafi bakin rariya ta lafe. Ta manne cikinta da ƙasa, kunnuwa a gaba, jela kaɗai ke ɗan kaɗawa daga ƙarshe. Ta yi kusan rabin sa'a a haka, irin kwanciyar nan da ake ce wa ta ɗaukar rai. Can sai ga gashin baki guda biyu sun leƙo daga ramin. Ba ta motsa ba. Ya fito rabi, ya koma, ya sake fitowa. Sai da ya yi taku mai nisa daga ramin sannan ta girgiza ƙugu hagu da dama kamar mai shirin rawa, ta daka tsalle ta dira a kansa.

Na ce a raina yau an gama. Ashe yanzu aka fara. Ta ɗaga hannu ta sake shi, ya ruga, ta mare shi ya dawo. Ta cilla shi sama ta cafe. Da ya ga ba sarki sai Allah, sai ya juya rigingine ya sanƙame kamar ya mutu. Ita kuma ta kau da kai ta shiga lasar hannunta, kai ka ce ba ta taɓa ganinsa ba. Yana motsa ƙafa ɗaya ta sake kai masa mari. A nan na gane abin da ke jan ta motsi ne. Wanda ya tsaya cik, ko a gaban hancinta yake, ba ruwanta da shi. Sai da ta gaji da wasa sannan ta tauna shi, ƙurus-ƙurus kamar mai cin soyayyiyar fara, ta bar fiffike da ƙafafu a wurin. Jim kaɗan ta je ta amayar da shi a kan tabarmar baƙi.

Daga ranar ta kama aiki. Gaskiya ba zan ci amanarta ba, cikin mako uku manyan nan masu yawo a tsakar gida kamar su suka gina ta sun ragu ƙwarai. Kullum da safe matata takan share fikafikai. Sai dai ƙananan da ke cikin tsagar kabad ko a jikinsu, don hannunta ba ya shiga. Manyan da suka rage kuwa suka yi wayo suka koma sama. Suka tare a kan durowa, wurin da nake jera huluna. Wata safiya na kifa hula a kai, na hau babur, sai da na kusa shataletale na ji wani abu yana zagaya tsakiyar kaina. Hular nan ban koma nemanta ba.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. Wata rana na dawo daga masallaci da asuba, na tarar da mataccen kyankyaso an ajiye shi daidai a bakin ƙofar ɗakina, magen tana zaune a gefensa tana dubana. Na ji daɗi. Na shafa kanta, na ce mata ta kyauta, har na yago mata kilishi daga wanda na ɓoye wa kaina. Da na san abin da nake saye da kilishin nan da na cinye abina.

Washegari ta kawo wani, shi kuma da sauran numfashi, yana jan ƙafa. Bayan kwana uku ta fara kawo su da ransu da lafiyarsu. Takan ɗauko shi a baki a hankali, ba ta ko ƙwarzane shi ba, gashin bakinsa ya fito ta nan, ƙafafunsa ta can. Tana tafe tana wani irin kuka daga maƙogwaro, irin na mai magana da abinci a baki. Ta zo ta ajiye shi a kan ƙafata, ta ja da baya ta zauna ta zuba mini ido. In na haye kan turmi, sai ta bi shi ta kamo, ta dawo ta ajiye a gindin turmin, ta sake zama. Ni kaɗai take yi wa haka.

"So ne," in ji matata. "Ni da nake ba ta kifi kullum, ko ƙafa ɗaya ba ta taɓa kawo mini ba."

Da Kawu ya zo na ce ya taimaka ya mayar da ita gidan burodinsu.

"Tana kamawa ko ba ta kamawa?" ya tambaye ni.

"Tana kamawa, Kawu, amma kawo mini take yi."

"To ai kai ne maigida. Wa kake so ta kai wa?" Ya wanke hannu ya ce kyauta ba ta komawa, balle wadda ta ƙetaro iyaka.

Ana cikin haka surukina ya aiko cewa zai shigo Daura a duba masa ido, kuma zai biyo ya ga ɗakin 'yarsa. Malami ne a Zango, yana karantar da magidanta a zaurensa, mutum mai ƙarancin magana wanda ko tari zai yi sai ya yi shi a natse. Tun da aka ɗaura aurenmu bai taɓa tako gidana ba, ni ke zuwa in durƙusa daga nesa in gaishe shi in taso. Matata ta kwana biyu tana goge-goge. Ni kuma na ce a kulle magen a sito har ya tafi. Aka kulle ta. Babu wanda ya tuna tagar siton ba ta da raga.

Ya iso bayan azahar, an ɗiga masa magani a ido ɗaya yana ta ƙifce-ƙifce. Aka shimfiɗa masa darduma a falo, 'yarsa ta kawo fura da ruwa ta gaishe shi ta koma kicin. Na shigo cikin babbar rigata ta shadda, na tuɓe takalmi a waje, na durƙusa a bakin ƙofa, kai a sunkuye.

"Baba, kun zo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau, Malam. Ya iyali, ya aiki?"

Muka bi gaisuwa daki-daki, damina, mutanen gida, jikin tsofaffi. Da aka gama ya ɗaga hannuwa ya ce bari a yi wa gida addu'a, tun da yau ne farkon shigowarsa. Na ɗaga nawa. Ya rufe ido ya fara.

Bai yi nisa ba na ji kukan nan na mai magana da abinci a baki, daga bayana, yana matsowa.

Ban waiwaya ba, don ba a waiwaye a gaban suruki ana tsakar addu'a. Ta wutsiyar ido na ga ta zagayo ta tsaya a gefena. Wanda ta ɗauko ranar ban taɓa ganin irinsa ba, ina jin kakansu ne. Ta ajiye shi a bakin ƙafar wandona, ta ja da baya ta zauna. Shi kuma ya duba gabas ya ga mage, ya duba yamma ya ga haske, sai ya ga ga wani rami mai duhu a gabansa. Ya shige.

Na ce amin.

Ya haura ƙwauri a guje, ya tsaya a gwiwa kamar mai jiran a duba masa takardu, sannan ya wuce. Surukina yana roƙa wa iyayenmu gafara, na raye da waɗanda suka rasu. Na ce amin, muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba. Gumi ya fara bin bayana, kyankyason ma ya samu hanya ta ƙugu ya bi bayan nawa, suka haɗu a tsakiya. Na cije leɓe. Hawaye suka cika mini ido. A raina ina cewa in na tashi na yi irin rawar da jikina ke nema, har jikokina sai an ba su labari a Zango.

Na manta da magen. Ita kuwa tana ganin wani abu yana motsi a ƙarƙashin shadda. Na ji ta lafe a bayana, na san kuma abin da ke biyo bayan lafewar nan. Ta dira a gadon bayana da ƙafa huɗu, ta shiga kai mari duk inda rigar ta motsa. Surukina ya shiga roƙa mana zuriya ɗayyiba. Ina durƙushe, hannuwa a sama, mage tana dambe a bayana, ina ta amin, amin, tun kafin ya kai ƙarshen kowace gaɓa.

Kyankyason ya ga bayan ba wurin zama ba ne, ya fito ta wuyan riga, ya bi ta bayan kunnena ya haye kan hula ya tsaya. A daidai nan surukina ya buɗe idonsa mai lafiyar. Bai katse addu'ar ba. Ya miƙo hannu a hankali, ya tsinke shi daga kan hulata da yatsa biyu kamar mai tsinkar ɗanyen kuɓewa, ya wurga shi ta ƙofa. Magen ta taka kaina ta bi shi. Surukina ya ƙarasa addu'ar, muka shafa.

Ya jawo kwano gabansa. Ya kurɓi fura.

"Malam, tun yaushe yake ciki?"

"Tun wajen addu'ar iyaye, Baba."

"To ka yi ƙoƙari. Da ka yi gyaran murya da na taƙaita."

Daga kicin na ji wani sauti kamar an toshe bakin mutum da gyale. Surukina ya kira 'yarsa, ta zo ta durƙusa, idanunta jawur, ta kasa duban inda nake. Ya tambaye ta labarin magen, ta zayyana masa tun daga kwali har zuwa turmi. Ban so ta kawo zancen turmin ba.

Ya ce shi ya fi shekara talatin yana ajiye maguna saboda ɓeraye kada su ci masa littattafai, ya san halinsu. Haka uwa take koya wa 'ya'yanta farauta. Ta fara kawo musu matacce, sannan mai rabin rai, sannan mai rai ta sake shi a gabansu ta zauna ta ga abin da za su yi.

"Ta dube ka ne ta ga ba ka iya ba," ya ce, "shi ne ta sa ka a makaranta. Ka ma yi sauri, har ka kai aji uku."

Ya ƙara da cewa mage ba ta ƙarar da kyankyaso, wanda ya fito fili kawai take samu. A nemi inda suke kwana. Ya tashi da sandarsa ya zagaya gidan, mu biyu muna biye. A bayan bayi ya tsaya ya ƙwanƙwasa murfin ramin da ruwan wanka ke taruwa, ya nuna mana wata tsaga da hannu zai iya shiga. Ya ce a kira magini, a kuma fitar da tarin kwalayen da ke sito, a riƙa rufe abinci. Ya sa albarka ya tafi tasha.

Ranar Asabar magini ya zo. Kafin ya ɗaga murfin, matata ta leƙa ta katanga ta roƙi maƙwabciyarmu aron kajinta, aka koro guda bakwai da zakara. Ni na ce zan tsaya daga cikin ɗaki in riƙa duba aikin ta taga, don daga nan an fi ganin komai. Magen ta zo ta lafe a gefen magini, tana girgiza ƙugu.

Da murfin ya tashi, ƙasa ta koma ja. Suka ɓarko ta ko'ina, wasu a guje, wasu a sama. Maginin ya yar da shebur yana kaɗe wando. Magen ta kai mari ɗaya, ta kai na biyu, ta juya ta ga sun kewaye ta, wani har ya hau bayanta. Ta yi tsalle ɗaya ta kama katanga, ta haye can ƙarshe ta zauna tana lasar hannu, tana kallon wani wuri daban. Kajin nan kuwa ba wasa, ba cilla abu sama, ba jiran motsi. Sara ɗaya, haɗiya ɗaya. Kafin ruwan shayin da aka ɗora wa magini ya tafasa sun share wurin, zakaran yana tafiya da ƙyar.

Aka zuba sabon murfi, aka toshe bakin rariya da raga, aka ƙone kwalaye. Daga nan sai mu yi kwana biyar ba mu ga ko ɗaya ba. Amma magen ba ta rufe makaranta ba. In ta rasa a gidanmu sai ta haura gidan maƙwabta ta samo. Da na ga ba mafita, wata ranar Talata da ta ajiye mini wani a gaba, na cire takalmi, na runtse ido, na yi bisimilla na maka. Sau uku ina samun siminti, a na huɗu na ji ya fashe. Na buɗe ido. Ta zo ta shinshina abin da ya rage, ta dube ni, ta tafi abinta.

Kwana biyu ba ta kawo komai ba, har na fara taka tsakar gida ba takalmi. A rana ta uku ina shan koko sai na ji kukan nan ya fi na kullum kauri. Ta shigo tana jan wani jan gwada, ƙadangare mai kai kamar an tsoma a manja, ya kusa kai tsawonta. Ta sake shi a kan tabarma ta ja da baya.

Ƙadangare ba ya cikin abin da nake tsoro. Na ajiye kofi, na cafke shi ta wuya da hannu ɗaya, na ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, na kai shi waje na ɗora a katanga, ya gyaɗa mini kai sau biyu ya wuce. Na dawo ina kaɗe hannu, na tambayi matata ko ta ga yadda aka yi.

Ta ce ta gani, in zo in ƙarasa kokon, mage ta sa baki a ciki.